Muhawara: Tunda Allah ne ke ciyar da tsuntsaye, ina ruwanmu da kula da duniya?

Dattijo: Salama a gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe da tsaya mini a rai, yau dai zan amayar da ita. Kwanan nan duk inda ka juya, har a wa'azin Lahadi, zancen ke nan: duniya na ɗumama, dazuzzuka na ƙarewa, mu tashi mu ceci halitta. Wai mu ceci halitta! Mu da ba ma iya ƙara wa kanmu ko sa'a guda a kan kwanakinmu. Abin da na sani tun ina yaro shi ne, wanda ya yi duniya shi ke riƙe da ita. A Matiyu 6 Ubangiji ya ce mu dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba su da rumbu, amma Ubanmu na sama yana ciyar da su. Bayan ruwan tufana kuma Allah ya yi alkawari a Farawa 8:22 cewa muddin duniya na nan, shuka da girbi, sanyi da zafi, dare da rana ba za su fasa ba. Ni a ganina wannan firgici rashin bangaskiya ne aka sa masa riga mai kyau. Kula da duniya aikin Mai ita ne, namu kuwa bishara. Wanda yake da ja, ga fili ga mai doki.

Matashi: Baba, ai Littafi Mai Tsarki da kansa ya ce "tashi in taimake ka".

Ɗalibin Tauhidi: Haba ɗan'uwa, ka bincika daga Farawa har ƙarshen Littafi, ba za ka same ta ba. Maganar bakin mutane ce. Kada ka miƙa wa Baba sanda ya doke mu da ita.

Baba, a gafarce ni, ni da Ayyukan Manzanni 27 zan fara. Jirgin da ya ɗauki Bulus zuwa Roma ya faɗa hadari, mutum 276 a ciki. Mala'ika ya tabbatar wa Bulus cewa ba ran da zai salwanta, jirgin kawai za a rasa, Bulus kuma ya tsaya a gabansu ya sanar. Alkawari ke nan daga sama, babu ko kokwanto. A dare na goma sha huɗu sai matuƙan jirgin suka saukar da ƙaramin kwalekwale a ɓoye, suna yi kamar anga za su jefa, alhali gudu za su yi. Me Bulus ya yi? Bai naɗe hannu ya ce ai an riga an yi alkawari ba. Ya ce wa jarumin sojan, in mutanen nan ba su zauna a jirgi ba, ku ma ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin kwalekwalen ya tafi. Mutum ɗaya ne ya faɗi maganganun biyu, a cikin hadari ɗaya, kuma bai ga sun saɓa wa juna ba. Alkawarin ya cika, amma ta hannun matuƙan da aka hana gudu, da allunan da waɗanda ba su iya iyo ba suka rungume har gaɓa.

Dattijo: Wannan jirgi ne, ɗana. Jirgi mutum ya ƙera shi, dole mutum ya tuƙa. Duniya wa ya ƙera? Wa ke tuƙa rana?

Ɗalibin Tauhidi: Rana kam ba hannunmu a ciki, na yarda. Amma gonar Adnin fa, wa ya dasa ta? Allah ne, kuma tun kafin zunubi ya shigo ya sa Adamu a ciki ya nome ta ya kiyaye ta, Farawa 2:15. Kalmar Ibrananci da aka fassara da kiyayewa, shamar, ita ce dai a albarkar da ake sallamarmu da ita, Ubangiji ya sa maka albarka ya kiyaye ka, a Littafin Ƙidaya 6:24. Wato irin kiyayewar da muke roƙo a yi mana, ita aka ce mu yi wa gonar. Ita ce kuma Kayinu ya yi amfani da ita sa'ad da ya ce shi makiyayin ɗan'uwansa ne? Mun san yadda Allah ya karɓi wannan amsa.

Malama: Baba ya kawo tsuntsaye, to bari in tsaya a kansu, don su nake koyarwa. A 1958 gwamnatin ƙasar Sin ta sa gwara cikin abubuwa huɗu da za a kawar, tare da ɓera da ƙuda da sauro, wai tana cin hatsi. Aka fito gari guda, yara da manya, ana buga ganguna da tukwane da kwanuka don kada tsuntsuwa ta samu wurin sauka. Ta yi ta shawagi har gajiya ta faɗo da ita a mace. Aka fasa ƙwai, aka rushe sheƙa. Abin da aka manta shi ne gwara tana cin ƙwari, musamman lokacin da take ciyar da 'ya'yanta. Da ta ragu sai fara da sauran ƙwari suka samu sarari a gonaki. A 1960 aka cire ta daga jerin aka sa kuɗin cizo a gurbinta, amma yunwar da ta kashe miliyoyin mutane tsakanin 1959 da 1961 ta riga ta kama. Ba gwara kaɗai ce sanadin yunwar ba, akwai kurakuran mulki da suka fi wannan girma, sai dai tana cikin lissafi.

Tambayata Baba: Yesu ya ce ko gwara ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanmu ba. Ya san kowacce cikin waɗanda suka faɗo a Sin. Amma ya hana masu ganga bugawa? Bai hana ba. Ya bar su suka yi, suka kuma girbi abin da suka shuka.

Dattijo: Waɗancan ai mulkin marasa tsoron Allah ne, Malama. Wanda ya kori Allah daga ƙasarsa me zai hana shi korar tsuntsu?

Malama: To ga na ƙasar da majami'u suka cika. A Amurka akwai wata irin kurciyar daji da take yawo biliyoyi, in garkenta ya taso sai ya rufe rana na sa'o'i. Aka yi ta harbinta da kama ta da raga, ana cika ganguna ana lodi a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane. Ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan ajiye namun daji na Sinsinati ran 1 ga Satumba 1914. Da yawa cikin maharban nan ranar Lahadi suna majami'a. Kuma abin da zai ba ka mamaki, shekaru da dama masana Kirista a Turai suna ganin ba zai yiwu wani jinsin halitta ya ƙare ƙaƙaf ba, don a ganinsu tanadin Allah ba zai bari ba. Sai da wani masani Bafaranshe, Kuviye, ya nuna a 1796 ta hanyar ƙasusuwan wasu irin giwaye cewa akwai halittun da suka taɓa rayuwa suka shuɗe. Mutanen kirki ne, sun dai ɗora wa Allah alkawarin da bai yi ba.

Mai Kiwon Zuma: Ni ban yi karatun da kuka yi ba, abin da idona ya gani zan faɗa. Bara ina da amya tara. Wata safiya na je dubawa, tun daga nesa na ji shiru, kuma mai zuma ya san shiru ba alheri ba ne. Da na matsa sai na tarar da su zube a bakin amya kamar an watsa baƙin tsakuwa. Wasu na juyi a bayansu, ƙafafu na rawa, harshe a waje. Na ɗebi tafin hannu guda, ba nauyi ko kaɗan, wata ma da garin fure rawaya har yanzu a ƙafarta, ta kawo kaya gida ta mutu a ƙofa. Ashe wani maƙwabcin gona ne ya yi feshin maganin ƙwari da tsakar rana, ga fure a buɗe. Amya shida suka tafi a mako guda. Da na same shi da maganar, mai bi ne kamar ni, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi haƙuri ɗan'uwa, Allah ne ya bayar, shi ne ya karɓa." Na rasa abin cewa. Maganar Ayuba ce, gaskiya ce kuma. Amma Ayuba ne ya faɗe ta a kan nasa rashin, ba 'yan harin da suka kore masa shanu ne suka zo suka faɗa masa ba.

Mama: Wayyo, sannu ɗana. Allah ya mayar maka da alheri.

Ni dai tsakiya nake. Akwai wata tsohuwar koyarwa ta tambaya da amsa da aka rubuta a Haidelbag ta Jamus a 1563, tambaya ta 27 a kan tanadin Allah take. Ta ce ganye da ciyawa, ruwan sama da fari, shekarar albarka da ta ƙunci, lafiya da ciwo, wadata da talauci, ba ɗayansu da ke zuwa bisa tsautsayi, duk daga hannun Uba suke. Lokacin da na rasa maigidana wannan ce ta riƙe ni. Da an ce mini tsautsayi ne kawai, da ban san inda zan sa kaina ba. Don haka ina jin Baba sarai. Sai dai magana ce da mutum ke faɗa wa zuciyarsa da dare. Ranar da ka mai da ita abin wanke hannunka daga ɓarnar da ka yi, ka ɓata ta.

Matashi: Mama, ni nan ne ma nake tuntuɓe. In fari daga hannun Uba yake, yaron da fari ya kashe fa? Ran 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na ƙasar Portugal, ranar idin tunawa da tsarkaka, da safe, mutane na cikin majami'u. Teku ta biyo baya, wuta ta ƙarasa. Dubban mutane suka mutu. Ba wanda ya yi feshi, ba wanda ya sare itace. Wannan wace irin kulawa ce?

Mama: Ba ni da amsa, ɗana. Ayuba ma da ya tambaya ba a ba shi dalili ba.

Ɗalibin Tauhidi: Ni ma ba zan yi maka ƙaryar amsa ba. Abin da na sani, da aka kawo wa Yesu irin wannan zance a Luka 13, ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada a ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Ya rufe ƙofar cewa hukunci ne a kansu, bai kuma buɗe ta bayani ba. A Lisbon ɗin ma an samu masu wa'azin cewa fushin Allah ne. Amma da aka zo sake gina birnin, sai aka riƙa sa firam na katako a cikin bango don gini ya yi lilo maimakon ya ruguje. Ban ga wanda zai ce magina sun yi rashin bangaskiya ba.

Dattijo: Kun taru a kaina, ba komai, tsoho ya saba. Amma ba wanda ya taɓa 2 Bitrus 3:10. Sammai za su shuɗe, abubuwa su narke da wuta. Gidan da aka riga aka sa ranar rushe shi, wa ke ɓata kuɗi yana masa fenti? Rai guda da ya tuba ya fi daji dubu.

Mama: Baba, jikin nan naka ma ƙasa zai koma, amma ban ga ka daina shan maganin hawan jini ba.

Dattijo: Ke dai ba a cin ki a baki.

Ɗalibin Tauhidi: Kuma Bitrus ɗin a aya ta 13 sabuwar sama da sabuwar ƙasa ya ce muna jira. Bulus a Romawa 8 ya ce halitta tana nishi irin na naƙuda, tana jiran a 'yantar da ita daga bautar ruɓewa. Mai naƙuda haihuwa take jira, ba a shirya mata likkafani. Sannan Wahayi 11:18 ya ce lokaci na zuwa da za a hallaka masu hallaka duniya. Ni wannan ayar tsoro take ba ni.

Batun Matiyu 6 kuwa, Baba, ka duba babi biyu baya. Iblis ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, ya ma jawo masa Zabura 91, ai mala'iku za su tallafe ka. Alkawarin kulawar Allah ne ya ɗauko, ba ƙarya ya ƙirƙira ba. Yesu ya ce kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Mutum ya zuba dafi a kogin da yake sha, ya ce Allah zai tanada, ban ga bambancinsa da mai dirowa daga Haikali ba.

Magabata ba su ga rikici a nan ba. Furcin bangaskiya na Wesminista na 1646 ya ce a tanadinsa na yau da kullum Allah yana aiki ta hanyar sababi, ko da yake yana da ikon yi ba tare da su ba. Yusufu da ya ce wa 'yan'uwansa Allah ne ya aiko shi Masar don ceton rayuka, shi ne dai ya ba da shawarar a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa shekara bakwai. Kalbin, tsohon malamin tauhidin nan na Furotesta wanda ba a fi shi nanata ikon Allah a kan kowane abu ba, da ya zo sharhin Farawa 2:15 cewa ya yi mai gona ya yi ƙoƙari ya miƙa ta ga na baya yadda ya same ta, ko ma ta fi haka gyaruwa.

Dattijo: To bari in faɗa muku abin da ya sa na tayar da zancen, don ba gardama ce ta kawo ni ba. Jikana ne, shekararsa 19. Ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce shi ba zai yi aure ba, ba zai haihu ba, don duniya ta kusa lalacewa, me zai kawo yaro ya gani. Dare ba ya barci, yana ta duba waya. Yaron da aka yi wa baftisma! Wannan ne amfanin wa'azin naku? Kuma ina ganin wasu har Uwa suke kiran duniya, kamar abin bauta. Bulus ya yi kashedi a Romawa 1:25 a kan masu bauta wa halitta su bar Mahalicci. Na uku, wa ake wa faɗa? Matalauciyar da ta ɗebo itacen girki ita ake nuna wa yatsa, masu manyan masana'antu suna zaune cikin sanyi suna rubuta mata doka.

Malama: A nan kam ban da ja, Baba, duka ukun. Ina ganin irin jikanka a aji, kuma laifinmu ne masu koyarwa, muna ba yara lissafin bala'i ba ma ba su labarin abin da aka gyara. Ka gaya masa wannan: a 1985 masana suka sanar cewa rigar iskar da ke tare mana zafin hasken rana mai ƙuna ta huje a saman ƙarshen kudancin duniya, saboda wasu sinadarai na firji da gwangwanin feshi. A 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal aka fara daina yin su, yau ramin yana rufewa sannu a hankali. Mutane suka ɓata, mutane suka tuba, halitta ta amsa.

Fasto: Na daɗe ina bin ku ban sa baki ba. Baba, abin da Yesu ya hana a Matiyu 6 damuwa ce, irin wadda ke hana jikanka barci, kuma ka yi daidai da ka ƙi ta. Aiki kam bai hana ba. Tsuntsun da ya ce mu duba, ka taɓa ganinsa kwance a sheƙa yana jira? Tun asuba yake fita.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa yana Ayuba 38. Allah yana tambayar Ayuba, wa ke sa ruwan sama ya zuba a ƙasar da ba kowa, a jejin da ba ɗan Adam? Wa ke tanadar wa hankaka abinci in 'ya'yansa suka yi kuka? Ruwa a inda ba gona, ba mai gani, ba mai godiya. Ya ce wa Yunusa yana jin tausayin Nineba saboda mutum fiye da 120,000, ya kuma ƙara da dabbobi masu yawa. Alkawarin bakan gizo ma a Farawa 9 da kowane mai rai aka yi shi, ba da Nuhu kaɗai ba. A 1967 wani masanin tarihi Ba'amurke, Lynn White, ya rubuta cewa koyarwar Kirista ta mallakar duniya na da babban alhaki a ɓarnar muhalli. Na daɗe ina jin haushin maganar. Da na ji labarin ɗan'uwanmu mai zuma yau, sai na ga inda ya samo ta, ko da yake har yanzu ina cewa masu karatun ne suka gaza, Littafin bai gaza ba. Shari'ar Musa har uwar tsuntsu ta hana a kama tare da 'ya'yanta, ta hana sare itatuwan 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, ta ba ƙasa hutu duk shekara ta bakwai.

Matashi: Fasto, tawa tambayar ta Lisbon fa?

Fasto: Tana nan, ɗana, ban manta ba. Ba ta amsuwa a layi biyu. Ka same ni mu zauna.

Dattijo: Kalmar nan "mu ceci duniya" dai ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Mai Ceto ɗaya ne. In kun ce riƙon amana, to wannan na san shi, da shi aka rene mu. Ɗana mai zuma, amya nawa suka rage maka?

Mai Kiwon Zuma: Uku ne suka tsira, Baba. Bana na raba ɗaya mai ƙarfi, sun zama huɗu.

Dattijo: Ka koma wurin maƙwabcin nan, kada ka je da fushi. Na yi noma shekara da shekaru, in dole sai an yi feshi, da yamma lis ake yi bayan zuma ta koma gida, kuma ba a yi a kan buɗaɗɗen fure. Ka ce ya riƙa sanar da kai kwana guda kafin ya yi, ka toshe bakin amya da raga. In ya sake kawo maka Ayuba, ka ce ya zo ya same ni.

Mai Kiwon Zuma: Na gode Baba. Furen gonarsa ya fara buɗewa tun shekaranjiya, gobe da sassafe zan je.